Yadda Jami'a Za Ta Koya Wa Ɗalibai Neman Kuɗi Da Waya Kafin Su Karɓi Kwali

Tun ranar da na yi ƙorafi cewa a takarda kawai muke koyar da kwas ɗin sana'a a jami'o'inmu, ɗalibi ya gama bai taɓa sayar da komai ba, tambaya ba ta yanke ba. Yawancin masu tambayar malamai ne 'yan'uwana da aka wayi gari an ɗora musu kula da cibiyar koyon sana'o'i, sai wasu shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai. Abu ɗaya kowa yake son ji: to mun yarda, amma ta ina ake farawa, wa za a fara gani, kuma nawa za a kashe?

Ba zan tsaya bayanin talauci ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa. Malamin da ya taɓa ganin ɗalibinsa ya jingine karatu saboda kuɗin rajista, ko ya tako daga cikin gari a ƙafa don babu na mota, ba ya buƙatar a karanta masa alƙaluma. Ga matakan nan a jere, kuma a bi jerin yadda yake, don yawancin shirye-shiryen da na ga sun mutu daga mataki na shida aka faro su.

1. Yanke ma'auni tun ran gini

Kafin ka rubuta wa kowa takarda, zauna ka amsa wa kanka: a ƙarshen zango, da me zan gane an yi nasara? Amsar da nake ba ka ita ce, ɗalibi bai koyi kasuwancin intanet ba sai ranar da baƙo, wanda ba ɗan gidansu ba kuma ba ɗan ajinsu ba, ya turo masa kuɗi a kan kaya ko aiki, ya karɓi abinsa bai dawo da ƙorafi ba.

A shekarata ta farko ban san haka ba. Na sa kowane ɗalibi ya rubuto tsarin kasuwanci, aka ɗinke da bango mai kyau, aka tara mini a ofis har suka kusa kai taga. Da na fara dubawa sai na ga kiwon kaji, kiwon kaji, kiwon kifi, kiwon kaji, har kuskuren rubutu iri ɗaya a shafi iri ɗaya. A shagunan buga takardu na bakin ƙofa aka sayo su. Wanda ya ci riba a kwas ɗin nan mai shagon ne.

Sa wa ma'aunin lamba. Asusun bashin karatu na NELFUND yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ɗalibin da ya kai ga samun kwatankwacin wannan a wata daga guminsa, kafin ya gama makaranta, ya taka tudun da za a iya gini a kai.

2. Nemo wa shirin gurbi a manhajar karatu

Ba sai ka ƙirƙiro sabon kwas ba. A manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar a Disambar 2022 akwai ENT 211 a aji biyu da ENT 312 a aji uku, duk na sana'a ne kuma kowane ɗalibi sai ya yi su. Manhajar ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ƙofofi biyu ke nan.

Fara da ƙaramar. Makin aikin aji da ke hannun malami, 30 ne ko 40 gwargwadon dokar makarantarku, shi za ka mayar na aikin kasuwa. Wannan yardar shugaban cibiya ko shugaban sashe kawai yake bukata, a rubuce. Babbar ƙofar, wato shigar da kwas cikin kashi 30 ɗin, sai ta bi ta sashe, ta bi ta tsangaya, ta je kwamitin tsara karatu, sannan majalisar jami'a. Ka shigar da takardar, amma kada ka zauna jiranta.

Hattara: kada ka fara da dukan ɗaliban aji uku. Ɗaruruwa ne, wani wurin dubbai, ba za ka iya bin sawun kowa ba. Ɗauki mutum 40 na gwaji, ka kasa su gida goma, huɗu-huɗu, ka cakuɗa sassa. Ɗan sashen kwamfuta shi kaɗai zai gina abin da ba mai saye, ɗan kasuwanci shi kaɗai zai yi ta lissafin abin da bai gina ba.

3. Ƙidaya abin da ke aljihun ɗalibai

Yi fom a Google Forms, ka kuma buga wasu a takarda, don wanda ya fi buƙatar shirin nan sau da yawa shi ne mai 'yar ƙaramar waya mai tocila, ba zai ma ga fom ɗin intanet ba. Tambayoyin kaɗan ne. Kana da babbar waya? Taka ce ko ta aro? Kana da NIN da BVN da asusun banki da sunanka? Wace sana'a ake yi a gidanku? Ka taɓa sayar da wani abu?

Tambayar sana'ar gida ita ce zinariyar fom ɗin. Za ka ga ɗan maƙera, ɗan masu kilishi, 'yar mai turaren wuta, ɗan dillalin hatsi a Dawanau, duk sun zauna a aji suna ganin ba su da abin sayarwa. Za ka kuma tarar da ɗalibai mata da yawa sun riga ka nisa: suna sayar da abaya, humra, kayan kicin da cincin a sitatus ɗin WhatsApp tun suna aji ɗaya. Waɗannan ba koya musu farawa za ka yi ba. Lissafi da fita daga da'irar ƙawaye suke buƙata, kuma su ne za su riƙe maka rukunoni.

Wanda ba shi da babbar waya kada ka cire shi, ka sa shi rukunin da ke da biyu. Wanda ba shi da NIN ko asusu, aikinsa na makon farko ke nan.

4. Shiga kasuwa kafin ka shiga aji

Nan ne ƙashin bayan shirin, kuma nan ne malaman jami'a suka fi jin nauyin zuwa. Ɗalibi ba shi da jari, ba shi da kaya. Ɗan kasuwa yana da kaya jibge, amma bai da lokacin ɗaukar hoto da amsa saƙon wata a Fatakwal da ke tambayar kala biyar kafin ta sayi ɗaya. Aikinka ka haɗa su.

A Kano kana da Kantin Kwari na atamfa da shadda da leshi, Ƙofar Wambai na takalma, Kurmi na kayan fata da na gargajiya, Farm Centre na waya. Kowane garin da ke da jami'a yana da irin nasa, ko ba su kai waɗannan girma ba. Kada ka tura ɗalibai su kaɗai da wasiƙa mai tambarin makaranta. Ka je da ƙafarka, ka fara da shugabannin kasuwar, kuma ka nemi wanda zai yi maka iso. Ka zaɓi lokacin da ciniki ya lafa, ba tsakiyar hada-hada ba.

Ranar da na fara zuwa, na zauna a kan benci a shagon wani dattijo mai atamfa, na yi ta zuba bayani yana jan carbi. Da na gama sai ya ce, "Malam, duk na ji. Yaran nan idan suka ɗauki kayana suka shiga duniya, kai zan kama ko makaranta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ƙyalle ba zai bar shagon nan ba sai kuɗinsa ya shigo hannunka." Ya ajiye carbin ya kira yaron shago ya ce a sauko da sababbin zane. A kan wannan jimla aka ƙulla komai, kuma ita ce yarjejeniyar da nake ba kowa shawara:

Kaya na zaune a shago. Ɗalibi ya ɗauki hoto da bidiyo, ya yi talla. Mai saye ya biya ɗalibi. Ɗalibi ya biya mai shago farashin sari, ya ɗauki kaya ya aika. Abin da ya hau kai nasa ne. Wani mai shagon zai fi son ya yanke farashi da kansa ya riƙa ba da kamasho a kan kowane turmi, wannan ma ya yi, in dai an faɗi adadin a gaban shaidu an rubuta.

Hattara: kaya na ƙarewa a shago ba tare da ɗalibi ya sani ba. Ya karɓi kuɗin mutum, ya je ya tarar an sayar da zanen tun jiya. Doka ce: a kira shago a tabbatar kafin a ba mai saye lambar asusu. Sannan ka gargaɗi ɗalibai kada wanda ya zagaya ya janye kwastomomin mai shago na asali. Rana ɗaya aka yi haka, an rufe muku ƙofar layin gaba ɗaya, don labari a kasuwa ya fi iska gudu.

5. Zaɓi sana'o'i uku ko huɗu, ka tsaya a nan

Kwaɗayin koyar da komai shi ke sa a tashi ba a iya komai ba. Ga waɗanda na ga suna kawo kuɗi cikin zango ɗaya.

Na farko dillancin kaya ta waya, wanda na bayyana a sama. WhatsApp Business kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashi. A haɗa da Facebook, Instagram ko TikTok, gwargwadon inda masu sayen kayan suke taruwa.

Na biyu yi wa masu sana'a aiki: zanen talla da katin biki a Canva, gyaran bidiyo a CapCut, riƙe wa shago ko makarantar kuɗi shafinta a biya duk wata, sa shago a taswirar Google, shirya wa mai kanti lissafin kaya a Google Sheets. Duk ana yin su da waya, kuma masu buƙata suna nan a unguwa.

Na uku harshe, wanda muka fi rainawa. Ƙungiyoyin agaji, kafafen yaɗa labarai da kamfanonin fasaha suna neman masu fassara, masu mayar da magana rubutu da masu naɗar murya da Hausa, Fulfulde da Kanuri. Amma jin Hausa daban, rubuta ta daban. Wanda bai san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ ba, bai san raba kalma ba, aiki ɗaya za a ba shi. Ka jawo malami daga sashen harsunan Najeriya ya ba su mako biyu na ƙa'idojin rubutu. Masu rubuta littafi ko darasi kuma suna iya sayarwa a shafin intanet na Selar, mai saye ya biya ya sauke da kansa.

Gina manhajar waya da shafukan intanet sana'a ce mai tsoka, sai dai tana son laftof da watanni masu yawa kafin a ga sisi. A ware wa masu sha'awa hanya, amma kada a ɗora shirin a kanta. Haka ma neman aiki daga ƙasashen waje a shafukan Upwork ko Fiverr. Ana samu, amma sabon shiga yakan daɗe bai ga aikin farko ba, a Upwork galibi sai ka sayi damar neman aikin, Fiverr kuma na cire kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya yi wa mutum biyar aiki a garinsu ya tara abin nunawa, shi ya kamata ya leƙa can.

Hattara: a makon farko wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kirifto fa?" Duk mun ga 2024, lokacin da yara da manya suka duƙufa dannan waya ana mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, har a sahun jana'iza. Ka amsa masa a fili cewa nan ana koyar da sayar da kaya ko aiki ne. Ka tuna musu shirye-shiryen zuba kuɗi na damfara, MMM da ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

6. Wuta, data da ɗaki

Sai yanzu za a yi maganar sayayya. Abin da aka saba shi ne a samo kuɗi, a cika ɗaki da kwamfutoci, a yanka kirtani a ɗauki hoto, a kulle. Bayan shekara ka leƙa ka ga ƙura da yanar gizo-gizo ta gaske. Ɗalibanka da waya za su yi aiki, don haka abin da za ka kashe wa kuɗi, bisa fifiko, ga shi.

Wurin caji. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, amma ba kowa ke da wannan gatan ba. Faifan sola kaɗan da batir da za su riƙe waya 40, fanka biyu da laftof huɗu sun wadatar. Ka karɓo farashi daga masu haɗawa uku kafin ka rubuta kasafi, kuma ka rubuta kwanan wata a jiki, don farashin yau ba na wata mai zuwa ba ne.

Data. Tun da hukumar sadarwa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ya zama babban nauyi a kan ɗalibi. A ce ka ware wa kowa naira 5,000 a wata: mutum 40, wata uku, naira 600,000 ke nan. A tura data kai tsaye a layi, kada a ba da tsabar kuɗi, don mai jin yunwa garin kwaki zai saya, kuma ba ka da bakin zarginsa.

Kusurwar hoto. Tebur, farin ƙyalle, fitilar zobe biyu, abin kafa waya. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ɗalibai za su fi yi wa layi.

Sai kuɗin mota zuwa kasuwa da ɗan abin hasafi ga baƙin masu koyarwa. Laftof uku ko huɗu na amfanin kowa su zo ƙarshe.

A kula: maƙulli. Ɗakin da ake rufewa ƙarfe huɗu ba shi da amfani, don sai bayan lacca ɗalibi ke samun kansa. A ba shugabannin rukunoni amana bisa jadawali, a kuma tsara lokacin mata ya ƙare kafin magariba, musamman matan aure da masu zuwa daga gari.

7. Wa zai koyar?

Malamin da bai taɓa sayar da ko allura ba zai iya koyar da lissafi da tsari, amma ba zai iya koyar da yadda ake lallaɓa kwastoman da ya fusata ba. Nemo tsofaffin ɗalibanku da ke cin abinci da sana'ar, mace da namiji, kowanne ya ɗauki rukuni biyu. Kafin ka ɗauki mutum, ka ce ya nuna maka cinikinsa na watan jiya. Masu yawon taro da kwat suna faɗin sirrin arziki suna da yawa, kuma yawancinsu taron ne sana'arsu.

8. Yadda za a raba makonni

Idan ka cire rajista da jarrabawa, da ƙyar zango ya ba ka mako 12 masu tsabta.

Mako na 1 da na 2: buɗe asusu, sabon layin kasuwanci, zuwa kasuwa, zaɓen kaya ko aiki. Kowane rukuni ya yi hira da mutum goma da ake sa ran za su saya, ya ji nawa suke saye yanzu kuma a ina.

Mako na 3 da na 4: hoto, bidiyo, rubuta talla, yanke farashi. Talla ta fita kafin mako na huɗu ya ƙare, ko ba ta yi kyau ba.

Mako na 5 zuwa na 10: ciniki. Lacca ta koma zaman awa ɗaya a mako, kowane rukuni ya tashi ya faɗi mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya, me ya hana sauran. A nan ake koyon gaske. Rukunin da ya kai mako na bakwai bai sayar da komai ba, a zauna da shi a sauya kaya ko farashi, kada a bar shi ya yi ta jiran tsammani.

Mako na 11 da na 12: rufe littafi, raba riba, gabatarwa a gaban 'yan kasuwar da suka ba da kaya.

Hattara: layin kasuwanci ya zama daban da na gida, musamman ga mata. Lambar da aka sa a talla kowa zai kira, har da waɗanda ba saye ya kawo su ba. Kuma kada ɗaliba ta kai kaya gidan wanda ba ta sani ba. A haɗu a bakin ƙofar makaranta ko a aika mai kai saƙo.

9. Lissafi da karɓar kuɗi

A nan yawancin ƙananan 'yan kasuwa ke karyewa suna ganin riba suke ci. Ka yi musu misali a allo. A ce an saro turmi naira 9,000 an sayar 11,000. Ɗalibi zai ce ya ci 2,000. To, leda da tef 200, ɗan sahu zuwa kasuwa da tasha 600, kira da data 300. Saura 900. Idan kuma ya yi wa mai saye alkawarin kai kaya kyauta don ya burge, daga aljihunsa ya yi ciko. Kuɗin aike a kan mai saye yake, a faɗa masa tun kafin ya biya.

Kowane rukuni ya riƙe littafi mai gida shida: kwanan wata, kaya, sari, sayarwa, ɗawainiya, riba. A takarda ko a Google Sheets, duk ɗaya, in dai a ranar aka rubuta. Asusun ciniki kuma ya zama daban da wanda ake sayen abinci da shi. OPay, Moniepoint, PalmPay ko banki, wanda ya sauwaƙa.

Aike zuwa wani gari yawanci ta tasha ne. A ba direba kaya a gaban ɗan kamasho, a ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, a tura wa mai saye lambar direba. Sunan mai karɓa da lambarsa a rubuta da babban alƙalami a jikin leda.

Hattara: alat na bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su motsa. Mai gaggawa da yawan rantsuwa, "wallahi na tura, netiwok ne," shi za a fi yi wa taka-tsantsan.

Gargaɗi gare ka kai malam: kuɗin cinikin ɗalibai kada su bi ta asusun jami'a, kada kuma su bi ta naka. A jami'ar tarayya abin da ya shiga ta Remita, hanyar biyan kuɗi ga gwamnati, ya faɗa asusun bai-ɗaya na gwamnati, fito da shi sai an bi ofis-ofis. Naka asusun kuwa, ko kai waliyyi ne, wata rana sai an yi magana.

10. Jari: kaɗan, kuma a makare

Kada ka raba jari a ranar farko. Rukunin da ya yi ciniki uku da kansa, shi ya cancanta. A ce naira 30,000 ga kowane rukuni, goma ke nan 300,000, bashi ne ba ruwa, a mayar a mako na 12 don 'yan baya su samu. Da yawa daga ɗalibanmu da iyayensu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, don haka tun farko a gina shi a kan rance mai kyau ko a kan raba riba. Kwamitin mutum uku ya riƙe asusun: malami, wakilin ɗalibai, da ɗaya daga 'yan kasuwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da attajiran gari sun fi saurin ba da irin wannan ɗan kuɗin fiye da ofishin ma'aji.

Hattara: tallan kuɗi a Facebook na cin jari kamar wutar daji idan ba a iya ba. Kada a biya talla sai ga kayan da ya riga ya sayu ba talla, a fara da ɗan kaɗan na kwana uku, a ƙirga saƙo nawa ya zama ciniki. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin sari.

11. Rajista da doka

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta intanet ake yi, da NIN, kuma ɗalibi na iya yi da kansa. Amma ba aikin makon farko ba ne. Sai ciniki ya kankama, ana buƙatar asusu da sunan kasuwanci ko ana neman tallafi. Kayan ci da sha da aka ƙunshe, man shafawa da magani suna ƙarƙashin NAFDAC. Ni dai ina hana ɗalibaina tallan maganin gargajiya da kayan mata a cikin shirin, komai ribarsu, don idan abu ya ɓaci sunan makaranta za a kira. Lambobin kwastomomi amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, ba a sayarwa ba a rabawa.

Abu ɗaya ka maimaita har su gaji da ji: kada kowa ya ara wa wani asusunsa a turo kuɗi "ya cire masa" a ba shi wani abu. Ranar da EFCC ta biyo sawun kuɗin, sunan da ke kan asusun za ta nema.

12. Ba da maki

Raba makin gida uku: littafin lissafi da ya dace da bayanan asusu, rahoton mako-mako, da ciniki na gaske. Rukunin da ya yi asara amma ya rubuta komai ya kuma iya faɗin inda ya kuskure, ya fi wanda ya ci riba bai san ta ina ta zo ba.

Hattara: za su yi maka dabara. Wannan ya tura wa wancan kuɗi, wancan ya dawo da su, a kawo maka hoton ciniki. Ka sanar tun ranar farko cewa cinikin ɗan aji ko ɗan gida ba ya cikin lissafi, kuma za ka ɗauki lambobi uku daga littafin kowane rukuni ka kira. Ka kira ɗin kuwa, a gabansu, wayar a buɗe kowa na ji. Sau ɗaya ya isa.

13. Bayan an tashi daga zango

Kasuwancin da ya dogara da zaman makaranta hutu ɗaya ke kashe shi, balle yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Kafin a watse, kowane rukuni ya yanke wa zai riƙe layin, wa ke kusa da kasuwa, yaya za a raba riba. A rubuta, kowa ya sa hannu. Abota ta fi mutuwa a kan naira dubu biyar fiye da a kan miliyan.

Waɗanda suka nuna da gaske suke, a nuna musu ƙofa ta gaba. A nema musu izinin sashe su yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki, a inda sana'arsu take. Masu son zurfafa fasaha su nemi shirin horar da matasa fasahar zamani, 3MTT, da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Gidauniyar Tony Elumelu na buɗe neman tallafin dala 5,000 a ranar 1 ga Janairu, kuma mai littafin ciniki na wata shida yana da abin rubutawa a fom ɗin. Masu tafiya bautar ƙasa su ci gaba ta SAED, shirin koyon sana'a na masu bautar ƙasa.

Bayan wata shida ka kira duka 40 ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Tambaya uku: kana yi har yanzu? Nawa ka samu watan jiya? Idan ka bari, me ya sa? Amsoshin su shiga shafi ɗaya, da suna da sashe, shi za ka ɗauka zuwa ofishin shugaban jami'a lokacin neman kuɗin zagaye na biyu, ka haɗa da ɗaya daga 'yan kasuwar ya raka ka in zai yarda.

Ka saurari amsar tambaya ta uku da kyau. Na zaci zan ji an ce babu kasuwa ko babu jari. Abin da na fi ji shi ne waya: an ƙwace ta a ɗan sahu, ta faɗa ruwa, gilashi ya fashe babu kuɗin gyara, kuma duk lambobin kwastomomi da hotuna sun tafi da ita. Tun daga nan na ƙara abu biyu a shirin. A mako na biyu kowa sai ya nuna mini ya adana lambobinsa da hotunansa a asusun Google, ya kuma kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp. A kasafi kuma na buɗe layi guda na rancen gyaran waya, ana biya cikin wata biyu.